Abin Da Na Gani Ta Bayan Garkuwa

Jiya bayan la'asar na ji ku a bakin shagon caji kuna kallon bidiyo a waya kuna dariya. Ɗayanku ya ce ai aikin 'yan kwantar da tarzoma ba wuya, ka sa hular kwano, ka harba barkonon tsohuwa, kowa ya ranta a na kare, ƙarshen wata ka ji alat. Ban tanka ba a lokacin. Amma tunda na ji uku daga cikinku sun cike takardar neman aikin, gara in gaya muku abin da bidiyo ba ya nunawa. Na shiga aikin nan da baƙin gashi, na fito da furfura. Yawancinsa a nan Dutse na yi shi da garuruwan kewaye, kuma ina sufeto na ajiye kaki.

Garkuwa aka fara miƙo mini, kafin kulki, kafin komai. Ta zamaninmu na farko saƙaƙƙiya ce kamar kwando, ba nauyi, amma dutse mai kaifi yana huda ta. Daga baya aka kawo ta roba wadda ake hangen mutum ta cikinta. Sabuwarta dai da kyau. Bayan fita uku ko huɗu duk ta karce, sai ka riƙa ganin mutane dishi-dishi kamar ta cikin ruwan wanki. Da hagu ake riƙe ta, kuma awa ɗaya ta isa ta kashe maka hannun. Ga hular kwano a zafin bazara, gumi na gangarowa cikin ido ba halin sharewa. Takunkumin hayaƙi kuwa, warin roba da gumin wanda ya sa shi kafin kai ne ke fara tarbarka, gilashinsa ya rufe da numfashinka. Shi ɗin ma ba kullum yake isar kowa ba. Na sha tsayawa a layi da jiƙaƙƙen hankici kaɗai a hanci.

Ranar da muka san barkonon tsohuwa a wurin horo, ɗaki aka zuba mu aka ja ƙofa, aka fasa gwangwani ɗaya. Aka ce kowa ya cire takunkumi ya faɗi sunansa da lambarsa kafin a buɗe masa. Na faɗi sunana, lambar ta ɓace mini. Ba ido kaɗai yake ci ba kamar yadda kuke zato. Maƙogwaro yake kamawa, ƙirji ya ɗaure, ka nemi iska ka rasa, majina da yawu su zubo maka kamar jariri. Malaminmu ya ce an yi mana haka ne don mu daina tsoronsa. Ni abin da na fito da shi daban ne, na san abin da zan riƙa aika wa mutane.

Amma ba a wurin horo na koyi aikin ba. A hannun Saje Buba na koya, Allah ya jiƙansa. Bafulatani ne na wajen Jahun, dogo, siriri, ba ya ɗaga murya. Ya yi kiwo har ya zama saurayi kafin ya shiga ɗan sanda. Baba Saje muke ce masa. Yana da wani jan zare da ya ɗaura a madubin motarmu, ko ina muka tsaya shi yake fara duba kafin ya dubi mutane. In zaren ya karkato wajenmu, ko wajen gidaje, sai ya ce yau ba ranar hayaƙi ba ce, a nemi wata dabara. Abu na biyu da yake dubawa shi ne hanya. Yakan ce ko saniya ka ritsa ba ka bar mata mafita ba, ta kanka za ta bi. Ba ya yarda a tura taro sai ya san inda taron zai zuba.

Fitata ta farko wata tashar mota ce, ranar kasuwa, 'yan kamasho sun rabu biyu suna rigima a kan wa zai riƙe tashar. Muka ja layi, garkuwa na taɓa garkuwa, taku ɗaya mu tsaya, taku ɗaya mu tsaya, muna buga kulki a jikin garkuwa lokaci guda. Wannan bugun ma aiki ne, yana sa wanda ke gaba ya ji kamar bango ne ke taho masa. Sai wani mai jar riga ya maka mini gora a kafaɗa ya juya da gudu. Zuciya ta ɗebe ni, na fice daga layi na bi shi. Ban yi taku biyar ba na ji an fizgo ni ta baya, ashe Baba Saje ne. Kafin in koma wurina, ta gurbin da na bari an shigo an fasa wa na kusa da ni kai. Da ƙura ta lafa Baba Saje bai zage ni ba. Cewa ya yi in raka mutumin asibiti, in tsaya a kansa har a gama ɗinke shi. Na tsaya ina kallon allura tana shiga tana fita. Da na dawo ya ce mini, "Garkuwar da ke hannunka rabinta na maƙwabcinka ne. Ranar da ka sake tafiya da ita, ka nemi wani layin." Ban sake ba har na yi ritaya.

Kowace sana'a da masu zuwa mata. Mu namu ba sa zuwa da daɗin rai, kuma ba su taɓa tafiya suna godiya ba. Na tsaya a gaban 'yan siyasa ranar sanar da sakamako, na tsaya a gaban ɗalibai, na tsaya tsakanin manoma da makiyaya gona na gefe an cinye ta. Kowane taro da halinsa. Na gaba-gaba masu ihu a fuskarka, ba su ne abin tsoro ba, domin kana ganin hannuwansu. Jifa daga baya take fitowa, daga wanda ya san akwai mutane tsakaninsa da kai. Kuma a garin da sunansa Dutse ba a rasa abin jifa. Muddin kana ganin mai ruwan leda da mai gyaɗa suna yawo cikin mutane, da sauran lafiya. In ka duba ka ga sun ɓace, ka ji ana jan ƙofofin shaguna ɗaya bayan ɗaya, waƙar da ake yi ta yanke, to gyara tsayuwarka.

Akwai wani aiki da muka yi a wajen Ringim, garinmu, wanda har gobe nake ganin shi ne mafi kyau da na taɓa gani. An kama wani da zargin satar babur, ya kuɓuce ya faɗa shagon wani mai hatsi, mai shagon ya kulle shi a ciki. Kafin mu iso mutane sun cika wurin, an kawo taya da galan na fetur. Mu tara ne kacal. Baba Saje ya cire hularsa ya miƙo mini, ya ɗauki lasifika ya fita gaban layi da kai a buɗe. Ya yi sallama, ya gaishe su gaisuwar da ba ta ƙarewa, gida da iyali da gona da kasuwa. Ya ce a kira masa mai babur. Ya sa shi ya faɗi launinsa, da inda ya saya, da inda ya ajiye shi, da wanda ya gani, ya ce bai ji da kyau ba a maimaita. Ya aika a kira mai unguwa, ya aika a kira liman, ya ce ba zai yanke komai ba sai manya sun zo. Rana tana dukan kowa. Ana cikin haka aka kira azahar. Baba Saje ya ce shi dai zai yi salla, wanda ya ga dama ya jira shi. Fiye da rabi suka bi liman. Direbanmu ya yi baya da mota har bakin shagon, muka fito da mutumin a tsakiyar garkuwa. Daga baya ta tabbata shi ya saci babur ɗin, kotu ta ɗaure shi. Amma da ransa ya je kotun. Ba a harba komai ba ranar, shi ya sa ba wanda ya ɗauki labarin. A hanya na tambayi Baba Saje sunan wannan dabara, ya ce a wurinsu munyal ake ce mata, wato haƙuri, kuma ba a ba da ita a sito.

Shekarar da ta fi kowace muni ta same ni Baba Saje ya daɗe da barin aiki, har ya rasu. Ku ma kun san ta, shekarar da tsadar abinci ta fitar da mutane titi. Tiyar gero ta gagari mai iyali, masu keke-napep suna yini a layin mai. Mu ma da muke cikin kaki kasuwa ɗaya muke ci da kowa. Ni a unguwar Yalwawa nake haya, kuma na san rabin waɗanda za su fito maƙwabtana ne. Tun ana saura kwana biyu a fito aka tsare mu a bariki, ba mai cire takalmi.

Da safe abin lafiya ya fara. Samari da kwalaye, suna waƙa, wasu har suna ɗago mana hannu. Wajen hantsi labari ya zo ta oba-oba, wato rediyon hannunmu, cewa an fasa wani rumbun ajiya a can gefen gari. Ba a jima ba muka fara ganin mutane da buhuna a ka, wani da takin zamani, wani da kujera. Daga nan taron ya sauya. Masu kwalaye suka ragu, aka kunna taya, hayaƙi baƙi ya tashi. Wasu sun shafa kananzir a fuska, alamar sun san abin da ke zuwa kuma ba su da niyyar tafiya.

An ajiye mu a wata mararraba, mu ashirin da 'yan kai. Titi ne mai faɗi, a gefen hagunsa jerin shaguna, a tsakiyar shagunan akwai wani lungu da ba ya ɗaukar mutum uku a jere. Wanda ke jagorantarmu wani matashin jami'i ne, bai daɗe da fitowa daga makaranta ba. Ba mugu ba ne, kuma ba matsoraci ba. Amma oba-obarsa ba ta yi shiru ba ko na minti ɗaya, ana ta yi masa tsawa daga sama cewa a buɗe titin nan yanzu. Ya yi magana da lasifika sau uku, ba wanda ya ji shi. Jifa ta fara sauka kamar ƙanƙara. Muka durƙusa a bayan garkuwa muna karɓa. Na ɗan ɗaga kai na hango can ƙarshen titin, sai na ga motar wata runduna ta gindaya ta rufe shi. Ba wanda ya gaya mana za su zo ta can. Mutanen nan suna tsakaninmu, ba gaba ba baya.

A daidai lokacin ne dutse ya samu Kofur Sani. Yana damana, ya ɗaga gilashin hularsa don ya share gumi, dutsen danƙo ya shige masa ido. Ya zube ba tare da ya yi ƙara ba. Aka janye shi baya, muka matse gurbin. Da yaranmu suka ga jini sai layin ya fara rawa, ina jin wasu suna cewa a bar su su shiga. Jami'in ya juyo ya ce in harba hayaƙi.

Na dubi hayaƙin tayar da ke ci, ya kwanta wajen hagu, kan shaguna. Na ce, "Yallaɓai, iska ba tamu ba ce. Kuma an rufe musu baya, ba inda za su bi sai lungun can."

Ya ce, "Sufeto, in ba hayaƙi ba, abin da za a ce in yi nan gaba ya fi shi muni. Harba."

Ban ce ƙarya ya yi ba. Har yau ban san abin da zai faru ba da na ƙi. Na karɓi bindigar hayaƙin da hannuna, domin ban yarda in bar wa kurtu ba, shi zai iya saita ta a kan mutum. Na ɗaga ta sama na harba gwangwani uku. Na farko da na uku suka faɗi tsakiyar titi. Na biyu wani ya sure shi da tsumma zai maido mana, zafi ya sa ya wurgar da shi gefe, ya gangara bakin shaguna. Iska ta tattara hayaƙin duka ta kai can. Mutane suka ruga lungun nan gaba ɗaya. Ina jin kukansu ta cikin takunkumi, ana tattaka juna, ana hawa katanga. Kafin minti goma titi ya zama wayam.

Abin da ke saura bayan an watsa taro, ba a nuna muku shi. Takalma ne. Silifa ɗai-ɗai, daga bakin titi har cikin lungu, da huluna, da wayar wani tana ta ringin a cikin kwata. Muka tsinci mutum huɗu da suka karye ko suka suma, muka sa su a mota. Muna shirin tafiya sai ga wata dattijuwa tana dukan ƙofar wani shago da tafin hannu, tana tari, tana cewa akwai mutum a ciki.

Shagon Malam Idi tela ne. Duk barikinmu an san shi, domin shi ke rage mana kaki in an ba mu wanda ya yi yawa. Mutum ne mai ciwon asma, ko turaren wuta ba ya zama kusa da shi. Da ya ga an fara fashe-fashe sai ya ja ƙofarsa ta ƙarfe ya kulle ta ciki, don ya tsare kekensa da yadunan mutane. Gwangwanin nan a gindin ƙofarsa ya ƙarasa ci, hayaƙin ya bi ta ƙasa ya shiga. Shagon ba taga. Muka sa ƙarfen taya muka ɓalle ƙofar. Muka same shi a ƙasa kusa da keken, ya jiƙa wani ƙyalle da ruwan buta ya toshe hanci, mabuɗin na hannunsa. Da sauran numfashi. Ni na ɗauke shi, ba shi da nauyi ko kaɗan. Muka kwantar da shi kusa da Kofur Sani muka nufi asibiti. Likitoci sun yi iya yinsu. Kafin la'asar ya cika.

Aka sa dokar hana fita, gari ya yi tsit. A rahoton wurinmu an rubuta cewa an watsa taro ba tare da harba harsashi ko ɗaya ba. Gaskiya ne, ba a harba ba. Har yaba mana aka yi a fareti. An kira ni na ba da bayani a kan telan, na faɗi yadda aka yi tun daga farko, aka rubuta, aka ce in tafi za a neme ni. Ba a neme ni ba.

Ranar sadakar uku na sa kaftani na tafi gidansu. Abokan aiki sun ce kada in je, unguwar ba ta huce ba. Na tarar da tabarmi a ƙofar gida, yayansa Alhaji Musa yana karɓar gaisuwa. Da na zauna wasu samari suka tashi suka bar wurin. Aka yi addu'a aka shafa. Alhaji Musa ya ce an gaya masa mu ne muka kai ɗan'uwansa asibiti, Allah ya saka da alheri. Na ce masa kafin ya yi godiya gara ya sani, hayaƙin da ya shiga shagon daga hannuna ya fita.

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Na sani, Sufeto. Tun ranar aka gaya mini. Kwana ne ya ƙare, ba mai ja da wannan. Amma matarsa na ciki da yara biyar, ba zan ce mata ka zo ba. Kai ma kada ka aika."

Na ce to. Na miƙe zan tafi ya ce in dakata. Ya sa aka shiga aka fito da wata baƙar leda. Ya ce suna mayar wa mutane kayansu da aka kwaso daga shagon, wannan an ga sunana a jikinsa. Wandon kakina ne da na kai a rage mini ƙugu mako guda kafin abin, domin duk mun rame a shekarar. Ya gama shi, ya goge, ya ninke, ya rubuta Sufeto da alli a ciki. Warin hayaƙin yana jikinsa. Na wanke shi sau biyu. Ranar Litinin na sa shi, domin shi ne mai kyaun da nake da shi, kuma an sake fitar da mu wani gari.

Kofur Sani bai samu idon ba. An mayar da shi ofis yana rubuta sunayen masu shiga da fita, daga baya ya nemi sallama. Yanzu yana sayar da buhunan banza a kasuwa, kun sha wuce shi ba ku san ko wane ne ba. Matashin jami'in an yi masa canjin wurin aiki. Mun haɗu sau ɗaya a wurin wani ɗaurin aure, muka gaisa, ba wanda ya ɗauko zancen. Shagon Malam Idi wani mai sayar da katin waya ne a ciki yanzu. Ni na kai shekara biyu ina aiki bayan nan, an fitar da ni sau da yawa, kuma na sake harba hayaƙi, domin aikin ke nan.

Ban ce kada ku shiga ba. Dole wani ya tsaya a layin nan, in babu kowa, mai ƙarfi ne zai cinye marar ƙarfi, na ga haka da idona. Amma wanda ya samu a cikinku, in ya dawo daga horo ya zo ya same ni kafin fitarsa ta farko. Zan kai shi mararrabar nan da ƙafa, in nuna masa inda muka tsaya, da inda motar ta gindaya, da lungun, da ƙofar. Tafiyar ba ta kai minti ashirin ba daga nan. In ya gani ya ce har yanzu yana so, zan sa masa albarka.